Yadda Ake Ciyar da Maraƙa Tun Daga Haihuwa Har Ta Zama Saniyar Tatsa

Mai kiwon shanun madara yakan mai da hankalinsa kacokan a kan shanun da ake tatsa, domin su ne ke kawo kuɗi kullum, sai a bar maruƙa da matasan shanu da abin da ya rage. Ana iya fahimtar dalilin yin haka, amma yana jawo asara a ƙarshe, domin yawan madarar da saniya za ta bayar a haihuwarta ta farko, da shekarun da za ta kai kafin ta fara haihuwa, da ma daɗewarta a garke, duk suna da alaƙa da abin da ta ci a watanni 24 na farkon rayuwarta. Ciyarwar waɗannan watanni kuwa ba salo ɗaya take da shi ba. Kafin yaye ana buƙatar sakin hannu, bayan yaye kuma ana buƙatar awo da lura, kuma yawancin kurakuran da ake yi sun samo asali ne daga juya wannan tsari, wato a tsuke wa jaririyar maraƙa madara, sannan a zo a cika karsana da hatsi har ta yi ƙiba.

Dakashi da sa'o'in farko

Ana haihuwar maraƙa ba tare da garkuwar jiki ta a zo a gani ba, saboda mahaifar saniya ba ta barin ƙwayoyin kariya su ratsa daga jinin uwa zuwa jinin ɗan tayi. Daga dakashi kaɗai take samun su, kuma hanjinta yana iya tsotse su ne na ɗan lokaci: ƙarfin tsotsewar yana raguwa sa'a bayan sa'a, kuma kafin a cika sa'a 24 ya kusan ƙarewa gaba ɗaya. Saboda haka a ba ta dakashi da ya kai kashi 10 cikin ɗari na nauyinta, wato kusan lita 4 ga maraƙar jinsin Holstein, wato manyan shanun madara, mai kilo 40, cikin sa'o'i 2 na farko idan zai yiwu, sannan a ƙara mata wani kafin sa'a 12 ta cika. A tatso shi cikin tsabta, a ba ta da kwalba mai kan roba, domin barin ta ta sha a jikin uwa ba ya tabbatar wa mai kiwo yawan abin da ya shiga cikinta. Wanda yake da na'urar auna kaurin dakashi a ma'aunin Brix, ya nemi wanda ya kai 22 ko ya wuce. A wani bincike da aka wallafa a 2005 a kan maruƙan jinsin Brown Swiss, waɗanda aka ba lita 4 na dakashi sun fi waɗanda aka ba lita 2 saurin girma, kuma da suka zama shanu sun fi su ba da madara.

Madara kafin yaye

An daɗe ana koyar da cewa a ba maraƙa madarar da ta kai kashi 10 cikin ɗari na nauyinta a rana, wato lita 4 ko kusa da haka, a raba safe da yamma, da nufin yunwa ta tilasta mata cin busasshen abinci da wuri don a yaye ta da wuri, a rage kashe kuɗi. Lissafin abin da jikinta ke buƙata yana nuna inda wannan tsari ya gaza. Maraƙa mai kilo 40 zuwa 45 tana buƙatar kusan lita 2.5 zuwa 3 na madara don kawai ta rayu, ta yi numfashi, ta riƙe ɗumin jikinta, ba tare da ta ƙara ko giram ɗaya ba. Idan aka ba ta lita 4, abin da ya rage don girma bai wuce lita ɗaya da 'yan kai ba. Idan kuma sanyi ya sauko ƙasa da digiri 15 a ma'aunin Salshiyas, wanda shi ne iyakar da maraƙa 'yar ƙasa da mako 3 ke fara ƙona abincinta don ɗumama jiki, ko zafi ya tsananta har tana haki, ko gudawa ta kama ta, to wannan ragowar ma ta tafi. Sai a ga maraƙa ta yi mako 2 ko 3 nauyinta bai motsa ba, gashinta ya tashi, a ɗauka cuta ce alhali yunwa ce.

Maraƙar da aka bari da uwarta takan sha kusan ninki biyu na wannan adadi, a lokuta da yawa cikin yini. A 2002 masu bincike a Jami'ar British Columbia da ke Kanada sun gwada barin maruƙa su sha madara iya son ransu, suka kwatanta su da waɗanda aka tsayar a kan kashi 10 cikin ɗari. Na farkon sun sha madarar da ta fi ta sauran da kashi 89 cikin ɗari, kuma nauyin da suka ƙara kafin yaye ya fi na sauran da kashi 63 cikin ɗari.

Abin da ya fi jan hankalin masu kiwo shi ne tasirin wannan girma na farko a kan madarar gaba. A 2012 Fernando Soberon da Michael Van Amburgh da abokan aikinsu na Jami'ar Cornell a Amurka sun bi bayanan shanu a garke biyu, suka gano cewa duk ƙarin kilo 1 a girman maraƙa na kowace rana kafin yaye yana tafiya da ƙarin madara kusan kilo 850 a tatsar farko a garken jami'ar, da sama da kilo 1,100 a wani garken kasuwanci. Ba wanda zai iya ƙara kilo guda cur a girman yini, saboda haka ya fi dacewa a karanta sakamakon a ƙaramin ma'auni: ƙarin giram 100 a rana yana daidai da madara kilo 85 zuwa 110. Ya kamata in faɗa cewa wasu nazarce-nazarcen da suka biyo baya, waɗanda suka tattara sakamakon gwaje-gwaje da yawa, sun sami tasirin da bai kai haka girma ba, kuma sun nuna cewa cin busasshen abinci yana da nasa rabo a ciki. A ganina wannan bai rushe maganar ba. Ko da madarar gaba ba ta ƙaru da yawa ba, maraƙar da ta ƙoshi ta fi jure wa gudawa da ciwon huhu, ta fi saurin murmurewa, kuma tana isa nauyin barbara da wuri.

A aikace, abin da za a sa a gaba shi ne maraƙa ta ninka nauyin haihuwarta cikin kwana 56. Wadda aka haifa da kilo 40 ta kai kilo 80 a ƙarshen mako na 8, wato ƙarin giram 700 ko sama da haka kowace rana. Don cim ma haka, a fara da lita 5 zuwa 6 a makon farko, a ɗaga zuwa lita 8 daga mako na 2, a raba sau 2 ko, abin da ya fi, sau 3 a rana. Ga ƙananan jinsi irin su Jersey a rage adadin gwargwadon nauyi. Madarar ta kasance da ɗumin jikin saniya, digiri 38 zuwa 40, a kuma ba da ita a lokaci ɗaya kullum, domin canjin ɗumi da canjin lokaci suna dagula cikin maraƙa fiye da yadda ake zato. Idan garin madarar maruƙa ake amfani da shi, a auna shi da sikeli, kada a dogara da cikar kofi, a sa giram 125 zuwa 150 a kowace lita ta haɗin da aka gama damawa. A duba yawan furotin ɗinsa kuma: mai kashi 20 cikin ɗari an yi shi ne don tsohon tsarin tsuke madara, kuma idan aka ba da shi da yawa yakan sa kitse fiye da ƙashi da tsoka. Wanda zai ba da madara mai yawa ya nemi mai kashi 26 zuwa 28.

Tumbi, ruwa da yaye

Cikin saniya ɗaki huɗu ne, amma a jaririyar maraƙa ɗaki na huɗu ne kaɗai ke aiki sosai. Idan tana shan madara, wata 'yar magudana takan rufe ta wuce da madarar kai tsaye zuwa can, ba ta shiga tumbi ba. Tumbin kuwa, wanda shi ne zai ɗauki nauyin narkar da abinci har ƙarshen rayuwarta, ƙarami ne kuma bangonsa sumul yake, babu waɗannan tsiro-tsiro masu kama da gashin tawul da ke tsotse abinci. Abin da ke tsirar da su shi ne hatsi: idan ƙwayoyin halittar da ke cikin tumbi suka sarrafa sitaci, sukan fitar da asid na butirik da na firofiyonik, kuma su ne ke sa bangon tumbi ya bunƙasa. Shi ya sa ake ajiye wa maraƙa haɗin abincin fara ci, mai furotin kashi 18 zuwa 22 cikin ɗari, tun daga kwana na 3, ɗan kaɗan a tafin hannu, a riƙa canja shi kullum don kada ya jiƙe ya yi tsami. Ɗan yankakken busasshen ciyawa mai kyau yana taimakawa, musamman idan haɗin ya yi laushin niƙa, amma ciyawa kaɗai tana buɗa tumbi ne ba tare da ta gina bangonsa ba. Kada a sa yuriya a abincin maraƙar da tumbinta bai fara aiki ba.

Ruwa ne abin da aka fi mantawa da shi. Da yake madara ba ta shiga tumbi, ƙwayoyin halittar da ke cikinsa ba su da ruwan da za su yi aiki da shi sai wanda maraƙa ta sha a bokiti. Maraƙar da ba a ajiye wa ruwa ba tana cin busasshen abinci kaɗan, girmanta kuma yana ja baya. A ajiye mata ruwa mai tsabta tun kwanakin farko.

Yaye shi ne wurin da mai sakin hannu da madara yakan yi asarar ribar da ya tara. Maraƙar da ta ƙoshi da madara ba ta damu da hatsi ba, saboda haka idan aka yanke mata madarar dare ɗaya, za ta koma kan tumbin da bai shirya ba, ta yi makonni tana ramewa. Maganin wannan shi ne a sauko a hankali: daga mako na 6 a rage madarar zuwa rabi, a ci gaba da ragewa cikin kwana 10 zuwa 14, kuma kada a yanke gaba ɗaya sai ta ci kilo 1 zuwa 1.5 na haɗin abinci a rana, kwana 3 a jere. Cin abincin ne ke nuna lokacin yaye, ba yawan kwanakinta ba. Bayan yaye a bar ta a wurinta da abincin da ta saba har mako 1 ko 2, domin haɗa mata yaye da canjin wuri da canjin abinci da shiga cikin manya a lokaci guda shi ne ke buɗe ƙofa ga ciwon huhu da gudawar jini ta koksidiya.

Daga wata 3 zuwa balaga

Nan ne ake buƙatar hankali biyu, domin kuskure yana yiwuwa ta kowane ɓangare. Daga kusan wata 3 har zuwa balaga, wadda a manyan jinsi takan zo tsakanin wata 9 da 11, hantsar karsana tana girma da sauri fiye da sauran jikinta, kusan ninki uku, kuma a lokacin ne ake shimfiɗa hanyoyin da madara za ta bi daga baya. Binciken Kris Sejrsen na ƙasar Denmak a farkon shekarun 1980 ya nuna cewa idan aka cika wa karsana abinci mai ƙarfi a wannan lokaci, naman hantsa mai yin madara yakan ragu, kitse kuma ya ƙaru. Daga baya masu binciken Cornell sun kawo wani bayani, cewa karsana mai saurin girma tana balaga da wuri ne, sai lokacin bunƙasar hantsar ya gajarta. Duk bayanin da mutum ya ɗauka, darasin aikin bai canja ba. A 2005 Geoffrey Zanton da Jud Heinrichs na Jami'ar Jihar Pensilbaniya sun tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan Holstein, suka ga cewa madarar tatsar farko tana ƙaruwa yayin da girman kafin balaga ke ƙaruwa har zuwa kusan giram 800 a rana, daga nan kuma ta fara sauka.

Abin da ake nema ke nan shi ne ƙashi da tsayi da tsoka, ba ƙiba ba, kuma abin da ke raba su shi ne daidaiton furotin da ƙarfin abinci. Abinci mai yawan sitaci da ƙarancin furotin, kamar a ba karsana masara ko tsimammen ganyen masara iya son ranta ba tare da ƙari ba, yana fitar da gajeriyar dabba mai kitse. A watannin farko bayan yaye furotin ya kasance kashi 16 zuwa 18 cikin ɗari na busasshen nauyin abinci, a sauko zuwa 14 ko 15 daga wata 6 zuwa shekara, sannan 12 zuwa 13 bayan haka. A haɗa da gishirin ma'adinai mai kalsiyam da fosfaras da sauran ƙananan sinadarai, a kuma kula da maganin tsutsar ciki, domin karsana mai tsutsa tana ci ne wasu na ƙaruwa.

Duk da wannan gargaɗi game da ƙiba, ina ganin kuskuren da ya fi yawa a garake shi ne akasin haka. Ana yaye maraƙa, sai a sake ta a kan ciyawa maras kyau tun tumbinta bai kai ya ɗauki abin da zai ishe ta ba, cikinta ya kumbura kamar ta ƙoshi, haƙarƙarinta kuma a waje, tana ƙara giram 300 ko 400 a rana. Kafin wata 6 karsana ba za ta iya girma yadda ya kamata da ciyawa kaɗai ba, sai an haɗa mata da kilo 2 ko kusa da haka na haɗin hatsi a rana, gwargwadon kyawun ciyawar. Balaga kuwa nauyi take bi fiye da shekaru, tana zuwa ne idan dabba ta kai kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari na nauyin da za ta kai idan ta gama girma. Wadda aka tsumburar za ta makara wajen neman barbara, ta haihu tana da wata 30 ko fiye, kuma duk watan da ya ƙaru wata ne na ci ba tare da tatsa ba.

Lissafin nauyi da lokacin barbara

Hanya mafi aminci ta tsara ciyarwa ita ce a fara daga ƙarshe. Mai kiwo ya auna shanunsa da suka yi haihuwa 3 ko fiye, a tsakiyar tatsa, ya fitar da matsakaicin nauyinsu. Wannan shi ne nauyin girman garkensa, kuma ya fi duk wani adadi da zai gani a littafi amfani. Daga nan ma'aunai biyu ne: karsana ta kai kashi 55 cikin ɗari na wannan nauyi lokacin da za ta ɗauki ciki, ta kuma kai kusan kashi 85 bayan ta sauke haihuwar farko. Kyawun wannan lissafi shi ne yana aiki ga kowane jinsi, babba ko ƙarami, tsantsa ko ruwa biyu.

A ɗauki garken da nauyin girmansa kilo 650 ne. Karsana za ta ɗauki ciki da kusan kilo 358, ta kasance da kusan kilo 553 bayan haihuwa. Ciki yana ɗaukar kusan kwana 280, saboda haka wadda ake so ta haihu tsakanin wata 22 da 24 sai ta ɗauki ciki tsakanin wata 13 da 15. Idan an yaye ta da kilo 80 tana wata 2, ana so kuma ta kai kilo 358 tana wata 14, to kilo 278 ne cikin shekara guda, wato kusan giram 760 a rana, adadin da ya faɗa daidai inda bincike ya nuna ya fi dacewa da hantsa. Ga garken Jersey mai kilo 450, ma'aunan biyu za su zama kusan kilo 248 da kilo 383.

Duk wannan ba shi da amfani idan ba a auna ba, kuma ido yana yaudara, musamman idon wanda ke ganin dabbar kullum. A auna ranar haihuwa, da ranar yaye, da wata 6, da kafin barbara. Wanda ba shi da sikeli ya yi amfani da tef na awon ƙirji, a zagaya shi daidai bayan ƙafafun gaba, dabbar tana tsaye sosai, a kuma tabbatar tef ɗin na jinsin da ake kiwo ne. A haɗa da awon tsayin kafaɗa, domin nauyi ba tare da tsayi ba alamar kitse ce. A raba matasan rukuni-rukuni bisa girmansu, a ba kowace wurin sa kai a kwamin abinci, in ba haka ba manya za su ci rabon ƙanana kuma matsakaicin nauyin rukunin zai ɓoye waɗanda aka bari a baya. Idan awo ya nuna an yi ƙasa, a gyara tun a watan, domin ba a fafe gora ranar tafiya: abin da aka rasa a shekarar farko ba a cike shi da ɗura hatsi gab da haihuwa.

Ciki da tatsar farko

Bayan ɗaukar ciki fargabar lalata hantsa ta ragu, kuma karsana tana iya ƙara giram 800 zuwa 900 a rana, har da nauyin abin da ke cikinta. Mafi yawan girman ɗan tayi yana faruwa ne a watanni 3 na ƙarshe, lokacin da cikin uwar ya matse kuma cin abincinta ke raguwa, saboda haka abincin wannan lokaci ya kasance mai inganci. A riƙa shafa haƙarƙari da ƙasusuwan kwankwaso da gindin wutsiya don duba jikinta. A ma'aunin ƙibar jiki na 1 zuwa 5 da ake amfani da shi, inda 1 ke nufin rama sosai, 5 kuma ƙiba sosai, ana so ta haihu tana tsakanin 3 da 3.5. Wadda ta wuce haka takan sha wahalar haihuwa saboda kitsen da ya taru a ƙugu, cin abincinta ya yi rauni bayan haihuwa, kitse kuma ya taru mata a hanta. Kusan mako 3 kafin haihuwa a fara saba mata da abincin shanun tatsa a hankali, a kuma guji yawan gishiri da fotasiyam, waɗanda ke ƙara kumburin hantsa.

Saniyar da ta yi haihuwar farko ba ta gama girma ba, za ta ci gaba har zuwa haihuwa ta 3. Idan ta haihu da ƙaramin jiki, za ta karkatar da abincinta zuwa girma, madara ta ragu, kuma sake ɗaukar ciki ya yi mata wuya, wanda shi ne dalilin da ya sa ake fitar da da yawa daga cikinsu daga garke tun ba su biya kuɗin renonsu ba. Inda wuri ya ba da dama, a ware 'yan haihuwar farko a rukuninsu, domin manyan shanu suna ture su daga kwami da wurin kwanciya, a kuma lissafa musu ƙarin abinci na girma a kan abin da yawan madararsu ya nuna.